Tabarmar da Ta Koma Bayan Kabad

Tun daga haihuwarta ta uku ciwon baya ya hana matar wani direba lafiya. Ɗinki ne sana'arta, shi kuwa keke ba ya shiri da mai ciwon baya. Likita ta ce in ba ta ƙarfafa naman cikinta ba sai dai ta haƙura da keken. Ta koya mata wani motsa jiki mai sauƙin gani: a kwanta rigingine a tabarmar roba, a shafe ciki, a ɗaga ƙafa a hankali ana sakin numfashi. Kullum da safe takan yi a falo, har ta fara daɗewa a kan keke ba ta dafe ƙugu ba.

Shi kuwa direba, bakinsa ba shi da birki. Ranar da ƙannensa mata suka zo, ya zube a tsakiyar falo yana wutsil-wutsil da ƙafafu kamar kyankyason da ya kife, wai ga yadda antinsu take neman lafiya, kwanciya ma sai an koya mata. Suka yi dariya har da hawaye. Ita ma ta ɗan murmusa, ta shige ɗaki.

Washegari tabarmar ta koma bayan kabad. Bai tambayi dalili ba, ya sani. Ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ya fi zagi yi masa ciwo.

Da ya dawo aiki wata rana ya tarar an lulluɓe keken da zane, tana ƙulla yadudduka a leda za ta mayar wa masu su, sai kunya ta kama shi har ya kasa cin abinci. Ya jawo tabarmar, ya kakkaɓe ƙura, ya ce tuƙi ya lalata masa baya, ta taimaka ta koya masa. Ƙarya yake, so yake ta kwanta ta nuna.

Daga kan kujera ta yi masa bayani. Ya kwanta, yana ɗaga ƙafa sai cikinsa ya hau rawa, gumi ya keto masa, ƙafar ta faɗo tim. Ya juyo yana jiran dariya, har addu'a yake ta yi masa ita.

“Ki rama mana, maman yara,” in ji shi.

“Saki numfashin, ba a riƙewa,” ta ce, tana ƙulla leda ta gaba. “Ni da na san wuyarsa, me zan yi wa dariya?”