Ƙwaya Uku Daga Carbin Liman

Carbin Malam Mahfuzu, limamin unguwarsu Yunusa a Galma, ya ragu da ƙwaya uku. Abin ya faru wata Juma'a a lokacin dashen albasa, tsakanin ƙofar masallaci da wani shagon kwalliyar mata a Madawa.

Yunusa manomin albasa ne. Dashe ya tsaga masa farcen babban yatsa, sai ya yi abin da manoman fadamarsu suka saba yi wa faso da tsagaggen farce: ya sayi kol, gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya zauna a gindin bangon masallaci ya ɗiga. Kol ɗin ya zubo fiye da kima, ya gangara tsakanin yatsu. Yana cikin hura masa iska sai ga Malam ya nufo bayi da buta.

"Riƙe mini, Yunusa."

Ba a shiga bayi da carbi, ba a kuma ce wa liman dakata. Yunusa ya karɓa da hannun dama, mai kol ɗin, don ladabi.

Duk unguwar ta san carbin nan. Ja ne mai sheƙi, kuma Malam ya sha faɗa cewa na dutse ne daga Madina. Da Yunusa ya so buɗe hannu, hannu ya ƙi. Ya ja, fata ta biyo. Kafin Malam ya fito, Yunusa ya tura hannun a aljihu ya haye kabu-kabu.

A Madawa yana da ɗiyar ƙanwa, Rukaiya, mai gyaran farce. Bai taɓa taka ƙofar shagonta ba, ya ma taɓa ce wa uwarta aikin ba sana'a ba ne, shafe-shafe ne. Ya yi sallama daga waje. Ciki akwai wata dattijuwa, Hajo, ƙafafunta a roba cike da ruwan ɗumi.

"Kawu, lahiya? Shigo mana."

Ya shiga, ya fito da hannun. Rukaiya ta duba ta sake dubawa, ta cije leɓe.

"Malam mai ibada," in ji Hajo. "Wasu na aje carbi su huta, kai ka lizimci naka."

Yunusa ya ƙara miƙa wa Rukaiya hannun. Abu ɗaya ne a ransa: carbin ya koma hannun mai shi yadda ya zo, kafin huɗuba.

Rukaiya ta sauko da kwalabe biyu. Ta ce ta farko disolban ce mai sanyi, da ita take goge jan farce na yau da kullum, ba ta busar da fata. Ta biyu asetan ce zalla, ta cire farcen roba da kol ɗinsa.

"Sa mai sanyin," in ji shi.

Ta jiƙa auduga ta goga. Hannun ya ɗauki ƙamshin lemo. Carbin bai motsa ba.

"Ka gani, Kawu. Sai mai zahin. Amma in gaya maka tun yanzu, ita ba ta san kol da roba ba, duka ci takai. Carbin na mi ne?"

"Dutsen Madina."

"Wa ya ce?"

"Mai shi."

"In dutse ne ba abin da za ya same shi."

"Liman ne ya faɗa, Rukaiya. Liman za ya yi ƙarya?"

"Shi ma saida mashi aka yi," in ji Hajo.

Rukaiya ta buɗe taga saboda warin, ta zuba asetan a ƙaramin kwanon tasa, ta shafa masa man kaɗe a inda kol bai taɓa ba, ta tsoma yatsun. Yunusa ya ji sanyi ya ratsa tsagar farcen, sannan zafi. Can sai yatsa ɗaya ya saki, na biyu ya biyo. Ya fara hamdala. Sai ya ga ruwan kwanon ya koma ja.

Da ta ɗaga carbin, ƙwaya uku sun yi laushi sun manne da juna, suna naɗewa a yatsa kamar alewar da ta kwana a rana.

"Dutsen Madina ya ji tausayinka," in ji Hajo. "Ya narke."

Yunusa ya yi lissafi. In ya mayar da carbin a haka, ya ɓata kayan liman, ya kuma nuna wa unguwa cewa roba ce. Na biyun ya fi nauyi, don shi ne zai ci gaba da sallah a bayan mutumin.

"Ana iya gyara shi?"

Rukaiya ta yanke zaren da almakashin farce, ta zare ukun da suka lalace, ta sake ɗaurewa. Maƙwabtansu biyu da suka dusashe ta shafa musu jan farce mara launi, suka dawo da sheƙinsu. Ta ƙi karɓar ko dala.

"Shafe-shafe ne kawai, Kawu. A gaida gida."

Ya iso Galma ana kiran sallah. Ya ce wa Malam ciwon ciki ne ya kai shi likita ba shiri. Malam ya karɓi carbin, ya juya shi a rana, ya ce tafiyar ta karɓe shi, har ya ƙara haske.

Tun daga ranar, duk tasbihin da Malam ya ja a bayan sallah yana ƙarewa da gibin uku. Yunusa, a sahun farko, yana cike masa su a yatsunsa, ba tare da ya tabbata ladan na zuwa inda ya aika shi ba. Ya so ya tambayi malami, amma malamin unguwar ɗaya ne.

Makon jiya an ga Malam zaune a gindin bango yana bin carbin ƙwaya-ƙwaya, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Har yanzu bai kira Yunusa ba.