Geron Baƙo Ya Iso

A sati ɗaya aka haifi Baƙo da ɗan baffansa Musbahu a Gangara, cikin yunwar 1984. Uwar Musbahu ta tsallaka iyaka da shi Katsina wurin danginta, ya girma da kunun gyaɗa. Baƙo ya zauna. Nonon uwarsa Baturiya ya ƙafe yana wata huɗu, aka raine shi da ruwan dusa.

A Janairun 2011, da sojoji suka shirya mai da mulki ga farar hula, su biyun suka shiga ayarin Alhaji Balarabe, ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa. Taken Alhaji shi ne: yunwa ta ƙare. Aikinsu bin mota da gudu daga kasuwa zuwa kasuwa suna faɗin haka. Don kada su gaji, kowace safiya ana jefa musu ƙwayar tramol biyu a shayi.

Aka yi zaɓe. Musbahu ya yi kwana uku yana hamma, ya koma gona. Baƙo ya koma shan ƙwaya huɗu, sannan shida. Ranar kasuwar Agiye ya faɗi yana karkarwa.

Baturiya ta kai shi likita a Gazawa, ta faɗi yadda ɗan'uwansa Musbahu ya bari, shi ya kasa. Manjo Rahina, babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ta tambayi shekarar haihuwarsa, ta ajiye biro.

"Inna, an gwada a jikin ɓeraye. Wanda ya sha yunwa yana jariri, ƙwaya ta fi kama ƙwaƙwalwarsa in ya girma. Ana zaton mutum ma haka ne."

"Ɓera kuma? 'Yar nan, ɗana na kawo miki."

"Na gani. Zai iya bari, amma zai fi ɗan'uwansa wahala. A raba shi da masu tebur masu sayar da ita, kuma ya riƙa ci ya ƙoshi."

"Yanzu?" in ji Baturiya.

Ta tsare shi a gida kwana goma sha ɗaya. A na sha biyu Alhaji Balarabe, wanda ya ci zaɓe, ya zo godiya. Aka nemi samarin ayari, kowa buhun gero. Alhaji ya ɗaga hannun Baƙo gaban jama'a.

"Ga ɗan tamanin da huɗu! Yunwa ba ta yi masa komai ba!"

Aka tafa. Geron ya iso da jinkirin shekara ashirin da shida. Baturiya ta ɗebi na tuwo, ta shiga daka. Kafin ta gama tankaɗe, Baƙo ya ɗora sauran a kai ya nufi wurin mai tebur.