Yatsan Farfesa Pruitt

A sashenmu na nazarin wasan kwaikwayo a Vancouver, darasin Dokta Imelda Sarmiento kan wasannin nahiyar Asiya yana kan siraɗi. Majalisar sashe ta yanke cewa idan tsoho Tsukimori, ɗan wasan gargajiya na Noh, wanda ake yi da fuskar itace, da ta gayyato daga Japan, ya cika zaure ranar Asabar, darasin ya tsira; idan ba haka ba, a soke shi.

Shugabanmu, Farfesa Alasdair Pruitt, ya tsufa yana koyar da wasannin Girka da Rum ba tare da ƙafarsa ta taɓa dandamali ba. Ana cikin gwajin wasan ya shigo, yana cin burodi da kifi.

"Imelda, 'yar albarka, wannan ne wasan? Mutum ya wuni bai ɗaga ƙafa ba? Ai kafin nan Girkawa sun yanka uwa, sun binne uba, kowa ya tafi gida."

"Farfesa, ka zauna ka kalla mana."

"Barci zan yi miki."

A kan tebur akwai fuskar itace ta budurwa, wadda Tsukimori ya gada daga kakanninsa. Ba a riƙe ta sai ta gefe, wajen igiya, kuma sai ya rusuna mata kafin ya ɗaura. Pruitt ya cafke ta, babban yatsansa a kan kumatun.

"Ku dubi baki kamar na ɓera! Ta ina murya za ta fita? Ta Girkawa bakinta ƙofar gari ne, na can ƙarshen dutse ma ya ji."

Ya kara ta a fuskarsa, ya kwarara baiti da Girkancinsa na aro. Da ya ajiye, maiƙon kifi ya zauna a farin fentin, irin fentin da ba ya ɗaukar goga. Muka tsaya kamar gumaka, mu masana.

Tsukimori ya daɗe yana duban tabon. Ya naɗe fuskar cikin alharini, ya ce wa Imelda a hankali, "Ki gaya wa malamin, ba zan fito da ita gaban mutane haka ba." Washegari ya hau jirgi.

A zaman majalisa Pruitt ya girgiza kai da alhini.

"Baƙonki bai cika alkawari ba, Imelda. Mutanen nan akwai saurin fushi."

Aka soke darasin, aka ba Imelda barkwancin Rumawa ta koyar da 'yan shekarar farko.