Minti Ukun Kansila

"Sake daga farko," in ji matarsa, idonta a kan agogon bango. "Ka zarce da sakan ashirin."

Kansila ya gyara tsayuwa a tsakanin tayoyin da ke rataye a shagonsa na ƙofar gida, ya sake ɗaga takardar. Shi dai ba kansila ba ne, shekara talatin yana gyaran keke. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, don tun da aka faɗaɗa titin ƙofar gidansu bai taɓa fashin zaman kwamitin sufuri na ƙaramar hukuma ba. Zama goma sha ɗaya yana bencin baya, yana rubutu a bayan kwalin kayan gyara. Ya san ranar da aka amince da hanyar kekuna, ya san wanda ya yi gyangyaɗi ana tsaka da muhawara. Amma ko tari bai taɓa yi a zauren ba.

Yau kam ba makawa. Za a yanke inda za a kafa danja da layin tsallakawa, injiniya kuwa ya zana su a gaban gidan mai, rabin kilomita daga inda jama'a ke tsallakawa. Autarsu tana aure a tsallaken titin, daga ƙofa ma ana hango tagarta. Amma uwar, da ciwon gwiwarta, sai ta shiga tasi an zagaya da ita ta shataletale kafin ta ga jikanta ɗan wata tara. Abin yana cin Kansila a rai matuƙa. Dokar zauren kuma ɗaya ce: kowa minti uku, ƙararrawa na kaɗawa sai ka zauna.

Da hantsi suka isa. Fanka ɗaya ce ke juyawa, kansiloli tara suna jere a bayan dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa. Sakatare ya kira shi. Kansila ya miƙe, ya kama makirfo, ya dubi shugaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi. Ya aiki? Ya fama da jama'a?"

Shugaba ya amsa, ba yadda zai yi. To, wanda ya gai da shugaba ai ba ya tsallake mataimaki. Mataimakin kuma bai zo zaman da ya wuce ba, don haka sai da aka yi masa ya jiki. Kansilar da ke gefe an yi mata haihuwa, aka yi barka, aka tambayi mai jego. Da ya zo kan injiniya sai ya ga yaron ya ɗauko fuskar mahaifinsa sak.

"Kai ne ɗan malamin lissafi? Ikon Allah! Ni na riƙa gyara masa keke. Yana lafiya?"

Daga bencin baya matarsa tana ta nuna masa tsintsiyar hannu, shi kuwa ya zaci ƙarfafa masa gwiwa take yi. Ya buɗe takardar, ya gyara murya.

"Abin da ke tafe da ni..."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Zauren ya ɗauki dariya. Kansila ya dawo ya zauna, gumi har cikin hula, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige. Sati uku yana haddar jawabin nan, ga shi ko kalma ɗaya ba ta fita ba.

"Akwai mai magana kafin mu kaɗa ƙuri'a?" in ji shugaba.

Matar ta zare kwalayen rubutun da mijin ya zo da su daga hannunsa, ta dogara sandarta, ta miƙe. Ta kama hanyar teburin, taku, hutu, taku. Dariya ta mutu, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Da ta iso ba ta gai da kowa ba.

"Injiniya, ɗana, na ga agogo a hannunka. Nawa na ci daga can zuwa nan?"

"Kusan minti ɗaya, Mama."

"Taku ashirin ke nan. Gidan mai taku nawa ne?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ta ajiye masa kwalayen.

"Kai motoci ka ƙirga, tsohon nan ƙafafu ya ƙirga. Baki ne ba shi da birki, amma hannunsa ba ya ƙarya."

Injiniya ya ɗauki kwali ɗaya, ya ɗauki na biyu. Kowace safiya da kwanan watanta: 'yan makaranta kaza, masu keke kaza, tsofaffi kaza, duk a bakin shagon. A gaban gidan mai kuwa, mutum shida a sa'a guda, biyu daga ciki ma'aikatan gidan man ne. Ya sunkuya ya raɗa wa shugaba wani abu. Aka ɗaga hannu: bakwai da biyu. Za a dawo da danja bakin shago, nan da wata biyu.

A mota Kansila sai washe baki yake yi, farin ciki ya hana shi zama daidai. Duk da haka bai fasa ƙorafi ba.

"Amma ke ma, ko sannu ba ki ce wa shugaba ba."

"Ai ka gai da su har na baɗi, Malam."

Suka sauka a ƙofar gida. Can a tsallake, bayan motocin da ke sheƙa gudu, Auta na tsaye da yaron a kafaɗa tana jiran labari. Kansila ya cire hula ya kaɗa ta sama kamar ƙaramin yaro, Auta ta daka tsalle. Ta sauke yaron, ya dafa ƙafarta ya tsaya, yana tangaɗi.

Tsohuwa ta ɗaga yatsu biyu, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Ki ce wa angon nawa wata biyu na ba shi ya koyi tafiya! Ni da shi, a ga wanda zai riga tsallakowa."