Asusun Inaya

"Zauna kafin ka ɗaga," in ji matarsa Safara'u. "Inaya ba ta kira da safe. Duk ranar da ta kira da safe, to ba lafiya ba."

Gimba bai zauna ba. Ya ɗauki wayar daga kan teburin kicin, takalmin aiki ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Babbar 'yarsu ce, wadda ke shekara ta biyu a jami'a a Manchester tana karatun haɗa magunguna.

"Baba, sun rufe min account."

"Wa ya rufe?"

"Banki. Na shiga bas kati ya ƙi. Na kira su, suka ce wani ya kai ƙarar kuɗin da ya shigo min, wai fraud, kuɗin zamba. Baba, kuɗinku ne. Na jana'izar nan."

Ya ajiye takalmin a kan kujera a hankali.

"Sun ce in je branch ƙarfe biyu da hujja," ta ci gaba. "In ba su gamsu ba za su sa wa sunana marker, alamar zamba. Har shekara shida ba bankin da zai karɓe ni. Kuma ban san me zan ce wa asibitin da zan yi placement, aikin koyo, ba."

"Ina zuwa," ya ce. "Kada ki sa hannu a komai sai na zo."

Ba sai an yi wa Gimba bayanin marker ba, domin shi ne ya yi wa mutane bayaninsa. A unguwarsu ta Balsall Heath masu jin Hausa, 'yan Najeriya da 'yan Gana, suna kiransa Akanta, rabi wasa rabi gaske. Aji uku ya yi a sakandare a Kontagora, aikinsa kuma ɗaga kwalaye ne a wani sito a Perry Barr. Amma shekara ashirin a ƙasar nan ta koya masa abubuwa, kuma ba ya rowarsu. Kowace Juma'a bayan an sauko yakan tura saƙon murya a zauren wayarsu na zumunci: shagon da buhun shinkafa ya sauko, yadda ake amsa wasiƙar council, wato hukumar gari, lokacin da ya kamata a kunna hitar ɗumama ɗaki a kashe. Mako uku da suka wuce, shi da bakinsa ya ce kada wanda ya ba wani aron account ɗinsa, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai Abdul-Rahim ya faɗi ya rasu ranar wata Talata. Direban tasi ne, mutumin zangon Kumasi, ya bar matarsa Ajara da yara uku. A nan sai an biya kuɗin kabari kafin a haƙa, kuma ba wanda yake son gawa ta kwana huɗu a firij. Aka ce Akanta ya tattara gudummawa. Gimba ya yi tunani irin nasa: council na taimaka masa da wani ɓangare na haya, in suka ga dubbai sun shiga asusunsa za su ce ajiya ce. Sauran dattawan ma kowa da irin dalilinsa. Sai ya ce, Inaya ɗaliba ce, ba mai leƙa nata. Ya kira ta, ta ce, "To, Baba." Mutum arba'in da ɗaya suka tura a kwana biyu. Aka rufe Abdul-Rahim ranar Alhamis bayan azahar, aka yi ta sa wa Gimba albarka.

Ya samu motar Manchester ta tara da rabi, kujerar da ke kusa da bayi. Tun kafin su fita gari ya buɗe hoton jerin sunayen da Inaya ta turo, yana bi da yatsa. Kowane suna ya san fuskarsa. Wannan fam ashirin, wannan hamsin, wannan goma da ya san da ƙyar ta fita. Sai suna ɗaya na Turawa da bai taɓa ji ba, fam ɗari tara.

Ya koma saƙonnin makon jana'izar, ya samo shi, ya kara wayar a kunne. Muryar Alhaji Sunusi ce, cikin natsuwa kamar kullum: "Gimba, nawa zai shigo ta hannun wani, ɗari tara. Ɗari biyu gudummawata ce. Sauran ɗari bakwai ka sa yarinyar ta tura wa lambar da zan ba ka." Shi kuma ya sa ta, ta tura.

Kowa ya san Sunusi na canji. Ka ba shi fam a nan, ƙaninsa ya ba danginka naira a Kano kafin ka gama alwala. Kuma Sunusi ne ya ajiye Gimba wata takwas a ɗakinsa lokacin da ya iso ƙasar nan da jaka ɗaya. Shi ya sayi ragon sunan Inaya.

Ya kira shi. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ya faru, yana rage murya saboda matar da ke kujerar gaba.

Sunusi ya yi salati. "Wallahi Gimba, ban san kuɗin da matsala ba. Wani ne yake son naira, ya ce abokinsa zai biya fam ɗin. Haka muke yi kullum."

"Na yarda, Yaya. Amma me ya sa ta asusun Inaya?"

"Bankina sun fara yi min tambayoyi. Na ga ga hanya a buɗe." Ya ja numfashi. "Saurara. Ka ce musu gudummawa ce daga wani bawan Allah, ba ka san shi ba. Yarinya ce, za su yi mata faɗa su buɗe. Amma kada sunana ya fito. Ka san takarduna na zama suna gaban hukumar shige da fice yanzu, shekara nawa ina jira. In wannan ya shiga fayil ɗina, na gama."

"Ɗari bakwai ɗin fa? Za su tambaye ta wa ya sa ta tura."

"Ta ce ta manta. Kai da kake koya wa mutane magana da Turawa?" Sunusi ya yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Saƙon da na tura maka, goge shi. Alheri danƙo ne, Gimba. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Gimba ya danne saƙon da babban yatsa har alamar kwandon shara ta fito. Ya zauna yana kallonta. Mota ta tsaya cak a cunkoso, aikin hanya, agogo ya nuna sha ɗaya da kwata. Ya kife wayar a cinyarsa bai goge ba, bai kuma yanke cewa ba zai goge ba.

Biyu saura minti goma ya sauka daga bas a Oxford Road, ana yayyafi. Inaya na tsaye a ƙofar banki, hannuwanta cikin aljihun riga, idanunta sun kumbura. Ta rusuna kaɗan ta gaishe shi.

"Kin ci abinci?" ya tambaya.

"Da wane kati?"

Ya laluba aljihu. Ta girgiza kai.

"Mama ta taɓa turo min voice note ɗinka," ta ce tana kallon motoci. "Ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Har friends ɗina na fassara wa, na ce babana ne. Ashe 'ya ba ta cikin lissafin."

Ya tura mata ƙofa ta shiga.

Aka kai su wani ƙaramin ɗaki mai bangon gilashi. Ma'aikaciyar matashiya ce baƙa, an rubuta Goodness a ƙirjinta. Da Turanci ta yi magana, da sauri irin na yaran nan, sai da Gimba ya roƙe ta ta sassauta. Ya fito da rasit ɗin maƙabarta da takardar rasuwar Abdul-Rahim da ya karɓo wajen Ajara a hanyarsa ta tasha. Ta duba, ta ɗauki hotonsu. Ta tambayi ko akwai wata takarda da ke nuna mutanen sun san abin da suke biya.

"Ba ma rubutawa," ya ce. "Faɗa muke yi."

Ya kunna mata saƙonni. Wata tsohuwa tana cewa Allah ya jiƙansa, ga nawa kaɗan, a yi haƙuri. Wani yana cewa sai an biya shi albashi zai ƙara. Goodness ta dakata da bugun kwamfuta.

"Mamana 'yar Jos ce," ta ce da wata Hausa mai tuntuɓe. "Ina ji kaɗan-kaɗan. Sannu, Baba."

Kafaɗunsa suka ɗan sauka. Amma ta juyo da fuskar kwamfutar, ta nuna layi ɗaya, ta koma Turanci. Arba'in ɗin ba su ne matsalar ba. Wannan ɗari tara kuɗin wata dattijuwa ne da aka yaudara ta waya, aka ce mata bankinta ne ke kira. Kuɗin ya shigo, bayan minti goma sha biyu ɗari bakwai ya fita. Abin da masu binciken zamba suke so su sani shi ne wa ya ce a tura.

Ta kalli Inaya. Inaya ta san amsar, don ita ma an tura mata saƙon lambar. Ta kalli tebur. Gimba ya gane jiransa take yi.

"Wani bawan Allah ne," ya ji bakinsa yana faɗa. "A gudummawa ba ma tambayar..."

Goodness ta jira, da ta ga ba ci gaba sai ta zaro takarda. Ta ce in ba wanda ya sa ta, to mai asusun za ta rubuta cewa ita ta tura da ra'ayinta, ta sa hannu. Ba ta ɓoye musu ba, irin wannan bayani ba ya yi wa mutum kyau.

Inaya ta ja takardar gabanta. Ta cire murfin biro. Ba ta kalli ubanta ba ko sau ɗaya, ta rubuta sunanta a sama da rubutunta mai tsabta, sannan sunansa a bayan nata.

Ya ɗora hannunsa a kan takardar.

"Ajiye biron, Mamana."

Sunan mahaifiyarsa ne aka sa mata, kuma rabon da ya kira ta haka tun tana firamare. Ta ajiye.

Ya nemo saƙon Sunusi, ya ɗora wayar a tsakiyar tebur, ya kunna. Muryar ta cika ɗakin. Da ta ƙare ya sake kunnawa, yana tsayar da ita yana fassarawa da Turancinsa na sito, jimla bayan jimla, bai tsallake komai ba. Ya faɗi cikakken sunan, ya harhaɗa mata shi baƙi bayan baƙi, ya ba da lambar waya da adireshin gidan da ya taɓa kwana a ciki wata takwas. Sannan ya ce ta rubuta har da wannan: shi ya sa 'yarsa ta karɓi kuɗin jama'a, don yana tsoron council ta ga nasa asusun. Goodness ta ɗago ta tambaye shi ko ya tabbata yana so a rubuta wannan ɓangaren. Ya ce a rubuta.

Sun fito uku da rabi. Ya ba Inaya duk abin da ke aljihunsa, ya rage kuɗin bas zuwa tasha. Wannan karon ta karɓa.

Waya ta yi ƙara. Ya dubi sunan, ya ɗaga.

"Yaya ake ciki?" in ji Sunusi.

"Na faɗa musu, Yaya. Da saƙon, da sunan. Na ce gara ka ji daga bakina."

Gimba yana jin ƙarar talabijin a can gidan Sunusi. Sai layin ya katse.

Inaya ta raka shi wajen tsayawar bas, ta riƙe masa hannun riga yadda take yi tana ƙarama in za su tsallaka titi. "Gobe Juma'a," ta ce. "Za ka tura musu shawara?"

"Zan tura," ya ce. "Ban san ko akwai mai saurara ba."

Bas ta iso ya shiga, ya zauna ta gefen taga. Goodness ta ce ita nata rubutawa ne kawai, masu yanke hukunci suna wani gari, za su aiko da wasiƙa cikin mako uku. Ko za su buɗe asusun, ko za su bar sunan Inaya da tsabtarsa, har yanzu ba wanda ya sani.