Agogon Shanu Tara

Sha'aibu Jangeru ba mutumin kwalliya ba ne. Duk wanda ya san shi a karar shanu ta Shinkafi ya san shi da rigunan yadi biyu, da takalmin roba, da sandar da ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ba don ado ya sayi agogon ba.

Sau biyu 'yan bindiga suna kore masa garke. A karo na biyu har suka harbi makiyayinsa a cinya. Shanu tara suka tsira, su ma don ranar suna can rugar surukinsa. Ya san idan ya bar su za a dawo a kwashe, sai ya kai su kara ya sayar. Daga nan wata damuwar ta taso. Kuɗi a banki narkewa suke yi kamar man shanu a rana, gona kuwa ba ta shiguwa balle ya ƙara wata.

Abdulhamid, ɗan kawunsa mai shagon wayoyi a Kaura Namoda, wanda kan je Dubai saro kaya, shi ya kawo shawarar.

"Yaya, manyan 'yan kasuwa yanzu ga agogo suka aje dukiya. Ba shi cin harawa, ba shi ciwo, ba mai kore maka shi. Shekara biyu, ka kai shi Kano, ka ga riba."

"Agogo? Wanga da aka duba lokaci?"

"Ba irin wanga ba. Na Turai, na gaske. Abu guda dai, kar shi samu tabo. Ko kamar ƙwayar gero."

Wata guda bayan nan agogon ya iso. Farin ƙarfe ne mai nauyi, fuskarsa shuɗiya, idan ka kara shi a kunne sai ka ji yana motsi a hankali kamar mai rai. Lubabatu, matar Sha'aibu, ta ɗauka ta juya, ta ajiye da sauri.

"Malam, shanunmu ke nan duka?"

"Su ke nan."



Barin agogon a gida bai kwanta wa Sha'aibu ba, don babu gidan da ba a iya shiga a Jangeru. Sai ya yanke bakin safa, ya ɗaura agogon can sama da wuyan hannu, ya ja safar ta rufe shi, hannun riga ya rufe safar. Ko alwala zai yi sai ya waiwaya tukuna.

Ranar kwana na goma sha ɗaya ya hau kabu-kabu da hantsi zuwa Zurmi, ta'aziyyar wani abokin fataucinsa. Sun yi nisa sai ga mutane sun ɓullo daga gonaki a guje, mata da goyo, ana ihu, "Ga su nan! Ga su nan!" Mai babur ya taka birki zai juya, taya ta zame a tsakuwa, suka zube. Sha'aibu ya tare da hannun hagu. Suka rarrafa cikin wani kwazazzabo suka lafe kusan awa guda. Babu wanda ya zo. Daga baya aka ce 'yan bindigar wata hanya suka bi.

Sai da suka fito ya ga jini a gwiwar hannunsa, ya ga kuma safar ta zame. Gilashin lafiya lau, agogon yana tafiya. Amma a bakinsa, kusa da lambar ƙarfe huɗu, tsakuwa ta karce shi wuri uku, ɗaya da ɗan zurfi, biyu sirara kamar gashi.

A gidan makoki ya ɗaga hannu ana fatiha, idonsa na kan tabon. Ya ji kunyar kansa, bai kuma iya ɗauke idon ba.

Da ya koma gida Lubabatu ta dafa ruwa da gishiri tana wanke masa ciwon.

"Ka gode Allah da ba su ne sunka tarar da ku ba."

"Na gode mai."

"To mi kaka ta kallo?"

Ya nuna mata. Sai da ta fita tsakar gida wurin haske kafin ta gani.

"Wanga? Malam, ko ƙuda ba shi ganin wanga."

Shi dai yana gani. Bai kira Abdulhamid ba, don ba ya son jin abin da zai ce. Ya tuna yadda aka taɓa goge masa gilashin waya da man goge baki, sai ya lakato ya shafa da ƙyalle. Siraran biyu suka yi kamar sun ragu, ransa ya ɗan yi sanyi. Washegari ya gwada toka mai laushi. Ranar Alhamis, a kasuwar Shinkafi, wani mai sayar da kayan babur ya ba shi man goge ƙarfe da 'yar takardar yashi, ya rantse ita ce mafi laushi. Sha'aibu ya zauna a zaure tun bayan azahar yana gurzawa a hankali. Tabon mai zurfi ya ɓace. Da ya ɗaga agogon a rana sai ya ga wurin ya lotsa, ya yi dishi-dishi, faɗin ɗan yatsa, ya bambanta da sauran jikin. Ya ƙara gurza gefen don su daidaita. Wurin ya ƙara faɗi.

Ya tafi Kaura wajen Malam Zakariyya, tsohon mai gyaran agogo da ke da teburi kusa da tashar jirgi. Tsohon ya maƙala madubi a ido, ya daɗe yana dubawa.

"Na gaske ne. Shekara arba'in ina wagga sana'a, sau biyu na taɓa riƙa irinai. Wa ya yi mai haka?"

"Faɗuwa na yi."

"Faɗuwa ba ta yin haka. Wanga aikin hannu ne." Ya cire madubin. "Da ka bar shi yadda yake, ɗana, masu injin shi can Legas minti goma su share shi. Yanzu ka cinye ƙarfen. Abin da anka gurje ba shi komowa."

"Babu dabara, Baba?"

"Sai a sake bakin duka, kuma ba ƙasar ga aka samu nai ba."

A shago Abdulhamid ya ɗauki hoton agogon ya tura wa mutuminsa na Kano. Amsa ba ta jima ba. Ya saurara da wayar a kunne, sa'annan ya kasa kallon ɗan'uwansa.

"Faɗa mani."

"Ya ce in dole ne shi amsa. Amma abin da ya taya, Yaya, bai kai saniya ukku ba."

Sha'aibu ya mai da agogon aljihu. Bai yi faɗa ba, don shi da kansa ne ya riƙe takardar yashin.

Kafin damina aka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, sai ya kwaso iyalinsa zuwa ɗaki guda na haya a Kaura. Ya koma dillancin shanun wasu a Kasuwar Daji, inda kullum dabbobin raguwa suke yi, dillalai suna ƙaruwa. Na Kano ya sake aiko magana sau ɗaya, tayin ya ƙara sauka. Sha'aibu ya ce a bari tukuna, ba tare da ya san abin da yake jira ba.

Ranar da ruwan farko ya sauka, da la'asar, Lubabatu tana jera kwanoni inda rufin yake yoyo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ruwan.

"Malam, bana ma ba mu shuka ke nan?"

Ya ja tabarma daga inda ruwa yake ɗiga, ya sake zama.

"Sai abin da Allah ya yi," ya ce.