Awon Rezo a Rijiyar Kadi

Raishatu ce ungozomar Rijiyar Kadi, wani ƙauye da ke arewa da Tenhya, inda manoman gero da makiyaya suke shan ruwa a rijiya ɗaya. A bakin garin akwai dogon ƙarfen antan na wani kamfanin salula, wato wayar hannu. Ya yi aiki a shekarun farko, daga baya batiransa suka mutu, ba wanda ya zo ya sake su. Tun daga nan duk mai son kira sai ya hau tudun yashin da ke gabas da gari, ya ɗaga salula sama yana juyi, ko Allah zai sa ya kamo rezo, wato layin kira, daga garin Belbeji. Wata rana a dace, sau da yawa kuwa a sauko haka nan.

Ga sauran mutane abin haushi ne kawai. Ga Raishatu kuwa maganar rai ce, domin in haihuwa ta zo da gardama, ba ta da abin yi sai kiran motar asibitin Belbeji.

Tana da ƙane, Abdulgafar. Ita ta goya shi, ita ta riƙa aika masa da garin fura lokacin da yake karatun lakkol a Tanut. Yanzu yana Yamai, yana aiki a hukumar gwamnati mai sa ido kan kamfanonin waya. Duk ranar da tudu ya yi mata kirki sai ta kai masa kuka. Ran nan ya ce mata:

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. An sa ni cikin masu zagayen awon rezo a Damargu. Da kaina zan zo in gani. Kamfanin da ya bar mutane haka, hukuma tana da ikon tilasta masa ya gyara."

Raishatu ba ta iya riƙe wannan magana ba. Ta faɗa wa maigari, ta faɗa wa mata a bakin rijiya, har buzayen da suka sauko shayar da raƙuma sai da suka ji cewa ƙanenta zai zo.

Ana jajiberin zuwan nasu, sai ga motar kamfani da injin wuta da jarkokin man gazuwal, suka haɗa injin da ƙarfen. Kafin azahar salula ta fara kuka a kowane gida. Tsofaffi suka yi ta kiran 'ya'yansu da ke Agadas da Libiya. Washegari masu awo suka iso, suka zagaya gari da na'urorinsu, maigari ya yanka musu rago. Da Abdulgafar ya shigo gaida mahaifiyarsu, Umma, Raishatu ta ja shi gefe.

"Kada abin nan ya ruɗe ku. Jiya-jiyan nan aka tada shi."

"Na gani, Yaya. Ki bar min komai."

Ƙurar motarsu ba ta daɗe da kwantawa ba mutanen kamfani suka dawo suka ɗauke injinsu. Gari ya koma hawan tudu.

Raishatu ta ci gaba da ce wa mutane su yi haƙuri, aikin gwamnati ba ya sauri. Tana nan a kan haka har wata safiya, tana wanke kayan aikinta, rediyo ya kawo labarin zagayen. Aka ce an sami rezo mai kyau a wurare da dama, aka ambaci Rijiyar Kadi a ciki. Aka ce sabbin antan da za a kafa wa ƙauyukan nesa, za a kai su inda ake da bukata.

Ta yafa mayafi ta nufi wurin Attahir, dattijon da ke gadin ƙarfen. Ta tambaye shi yadda aka yi kamfani ya san ranar zuwan masu awo. Ya yi ta kauce-kauce, da ta matsa sai ya sunkuyar da kai.

"Direbansu ya ce ɗan garin nan ne ya kira su daga Yamai. Ni dai abin da na ji ke nan."

Ta dawo gida tana gaya wa kanta cewa direbobi ba su rasa surutu.

Cikin bazara aka kawo mata Nafisatu, matar wani makiyayi, tana naƙuda, ɗa ya kwanta a karkace a cikinta. Raishatu ta tura mijin kan tudu da tsakar rana. Ya yi ta juyi a cikin zafin yashi, rezo ya ƙi. Dole suka shimfiɗa ta a amalanken shanu suka kama hanyar Tenhya, Raishatu na riƙe da kanta a cinya. Daga can aka samu aka kira mota. A Belbeji an ceci uwar, ɗan kuwa bai zo da rai ba.

Da Babbar Salla Abdulgafar ya zo gida. Raishatu ta bari sai da baƙi suka watse, ta same shi a zaure.

"Kai ka faɗa wa kamfani ranar awo?"

Ya dubi tabarma, ya ce:

"Shugabana ne ya ce a sanar da su, haka ake yi ko'ina. Na zaci in sun kawo injin za su bar shi."

"Da suka ɗauke fa?"

"Abin da na'ura ta nuna a ranar shi ake kai wa hukuma, Yaya. In na ce wani abu dabam, ni za a cire, a sa wani. Ina nan ina bin maganar, wallahi. Badi akwai wani zagaye."

"Na ja ka gefe na faɗa maka. Ka ce in bar maka komai. Da wani baƙo aka turo ya yi mana haka, da na je Damagaram na yi ta ihu har a ji ni. Saboda kai ne na ce wa mutane su yi shiru su jira."

Ta ba shi labarin Nafisatu. Ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce zai je ya yi wa mijin gaisuwa. Ta ce sun tashi tuni, sun yi arewa da dabbobinsu.

Da yamma Umma ta ce ta kai wa ƙanenta tuwo. Raishatu ta zuba a kwanon da ake ajiye wa baƙi, ta kai zaure, ta ajiye a gabansa, ta ɗan rusuna, ta kira shi yadda ake kiran baƙon ma'aikacin gwamnati.

"Ga abinci, Mushe. A yi haƙuri da na ƙauye."

"Haba, Yaya," in ji shi. "Ni ne Mushe?"

Ta juya ta koma cikin gida. Umma ta tambaye ta me ya haɗa su, ta ce babu komai. Washegari da zai tafi duk gida suka raka shi bakin mota, ita kuwa tana ɗakin awo tana duba wata mai ciki, ba ta fito ba.